Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari: Tarihin Gano Hannun Garkuwar Jiki Cikin Ciwon Ƙoda

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san yadda abin ya kan faro. Da safe a ga fuska ta kumbura, idanu sun yi luhu-luhu. Da yamma ruwan ya sauka ƙafafu, har in ka danna ƙauri da yatsa sai wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Fitsari ya riƙa kumfa kamar an kaɗa sabulu, wani lokaci kuma ya yi duhu kamar ruwan shayi. Mutanen gida su ce sanyi ne, ko shawara, ko sammu. Likita kuwa ya ce ƙoda ce ta taɓu. To, amma me ya taɓa ta?

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bi tarihin amsar wannan tambaya. Lalle ciwon sukari da hawan jini su ne suka fi kowane abu lalata ƙoda a duniya, amma ba su za mu tattauna ba. Maganarmu a kan wani kashi ne na masu wannan ciwo, waɗanda yawancinsu yara ne da samari da mata masu ƙuruciya. Masana sun yi shekaru da yawa suna neman maƙiyin ƙodarsu a waje, suna zargin sanyi da giya da guba. Daga bisani suka tarar abin da ke ɓarnar furotin ne wanda jiki da kansa ya ƙera don tsaron kansa. Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari.

Cokali da kyandir

Ya kamata mai karatu ya fara sanin aikin ƙoda. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya, kowace ɗaya ƙulli ce ta siraran jijiyoyin jini. Marcello Malpighi na Italiya ya fara ganinsu a 1666, William Bowman na Ingila kuma ya bayyana ƙirarsu a 1842. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta ƙoda ya ke bi. Matatan nan su kan tace ruwa kimanin lita 180 a yini da kwana, sa'an nan ƙodar ta mai da kusan dukansa cikin jini, abin da ya rage, wajen lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. Matata mai lafiya ta kan bar ruwa da gishiri su wuce, ta tare furotin da ƙwayoyin jini. Ashe ke nan duk abin da ke yawo cikin jini, mai kyau da maras kyau, tilas ya zo ya gogi wannan rariya sau da yawa kowace rana.

Tun a 1764 Domenico Cotugno na Naples ya dafa fitsarin wani soja mai kumburin jiki, ya ga ya daskare kamar farin ƙwai. Amma wanda ya ɗaure maganar shi ne Richard Bright, likita a asibitin Guy da ke Landan. Ya kan zuba fitsari a cokali ya kanga bisa kyandir, in majinyacin ya rasu kuma ya duba ƙodarsa. A littafinsa na 1827 ya nuna abubuwa uku suna tafiya tare: kumburin jiki, da fitsari mai daskarewa a wuta, da lalatacciyar ƙoda. Daga nan aka yi ta kiran abin "ciwon Bright" har fiye da shekara ɗari. Bright ya lura wasu sun kamu bayan wani zazzaɓi mai jan ƙurji da ke kama yaran Turai, wasu kuma mashaya ne, amma ba shi da hanyar da zai san abin da ke faruwa cikin matatan. Ya gano inda ɓarnar ta ke, bai gano mai yinta ba.

Fitsarin wani ɗan kasuwa

A ƙarshen Oktoba 1845 likita William Macintyre ya duba wani ɗan kasuwar Landan wanda ciwon ƙashi ya kwantar. Da ya gwada fitsarinsa sai ya ga abin da bai saba gani ba. Furotin ɗin da Bright ya sani in ya daskare a wuta ya daskare ke nan, kamar dafaffen ƙwai. Wannan kuwa in an ƙara masa zafi sai ya narke, in ya huce ya sake daskarewa. Aka aika da fitsarin wurin Henry Bence Jones na asibitin St George, wanda ya ƙware a kimiyyar haɗe-haɗe, shi kuwa ya tabbatar wannan wani irin furotin ne dabam. Majinyacin ya rasu ran 1 ga Janairu 1846. Da aka buɗe gawar aka tarar haƙarƙarinsa sun yi laushi har wuƙa na yanka su, ɓargon ya cika da waɗansu baƙin ƙwayoyin halitta, ƙodojin kuwa ba a ga wata ɓarna bayyananniya a jikinsu ba.

Wannan ciwon ɓargo shi aka sa wa suna mayeloma a 1873, furotin ɗin kuma har yau da sunan Bence Jones a ke kiransa. Daga baya likitoci suka lura yawancin masu mayeloma ƙodarsu ta kan samu matsala, domin furotin ɗin ya kan toshe 'yan bututun da ke bayan matatan. Abin lura a nan shi ne an sami furotin a fitsari wanda asalinsa ƙashi ne, ƙoda hanya kurum ya bi. Mene ne shi, kuma me ya sa ɓargo ke yinsa? Shekara 117 aka yi kafin a sami amsa.

Dokar Ehrlich da jinin doki

A 1890, a Barlin, Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna cewa dabbar da aka saba wa jikinta da dafin wata cuta, ruwan jininta ya kan ƙunshi abin da ke karya wannan dafi, har a iya ɗiba a ba wata dabba ta tsira. Wannan abu shi a ke kira antibodi. Misalinsa kamar dogari ne wanda aka nuna wa fuskar ɓarawo ɗaya tak, ba ya kama kowa sai shi. Nan da nan aka shiga yi wa dawaki allura ana ɗiban ruwan jininsu don maganin mashaƙo, yara da yawa suka kuɓuta.

Paul Ehrlich, babban malamin wannan fanni a Jamus, ya yi gwaji da awaki. In an sa wa akuya jinin wata akuya sai ta ƙera antibodi a kansa, amma ba ta ƙera shi a kan nata jinin. A 1901 ya ba wannan hali suna da Latin, ma'anarsa tsoron da jiki ke yi na sa wa kansa guba. Shi Ehrlich nufinsa akwai wani tsari da ke hana abin faruwa. Waɗanda suka biyo bayansa kuwa sai suka ɗauki maganar kamar doka ce wadda ba ta karyuwa, watau jiki ba ya taɓa yaƙar kansa. Girman sunan malamin ya sa aka yi wajen shekara hamsin ana kau da kai daga shaidun da ke nuna akasin haka.

Shaidun kuwa suna nan. A 1904 Julius Donath da Karl Landsteiner, a Biyana, suka sami antibodi a jinin wasu majinyata wanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin mai shi in sanyi ya taɓa shi. A 1905, a wannan birni dai, likitocin yara biyu, Clemens von Pirquet da Béla Schick, suka wallafa littafi a kan ciwon da ke kama wasu yaran da aka yi wa allurar ruwan jinin doki. Bayan kwana takwas zuwa goma sha biyu sai zazzaɓi da ƙurji da ciwon gaɓoɓi su taso, wani lokaci har da furotin a fitsari. Suka ce wannan jinkiri shi ne lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya ƙera antibodi, ciwon kuma daga karon antibodi da furotin ɗin doki ya ke tasowa. A 1907 Schick ya lura kumburin ƙodar da ke bin zazzaɓi mai jan ƙurji shi ma sai bayan mako biyu ko uku ya ke bayyana, sa'ad da yaro ya fara murmurewa. Ya ce lalle hanyar ɗaya ce.

A ɗakin gwaji ma an ga haka. A 1900 W. Lindemann, a cibiyar Pasteur ta Faris, ya jawo ciwon ƙoda ga zomaye da ruwan jinin dabbar da aka yi wa allurar niƙaƙƙiyar ƙodar zomo. A 1933 da 1934 Masugi Matazo na Japan ya kyautata wannan gwaji, ya yi amfani da agwagi wajen ƙera antibodin, ya nuna ciwon da ya kama zomayen ya yi kama ƙwarai da na mutane. Amma masu shakka suka ce ai wannan antibodin baƙo ne, daga wata dabba aka kawo shi, bai nuna jiki na juyo wa kansa ba.

Ciwon kyarkeci

Ciwon da ya karya wannan shakka shi ne lufus, kalmar Latin mai ma'anar kyarkeci. Da fari ciwon fata aka ɗauke shi, saboda jan tabon da ke shimfiɗuwa a kumatu da karan hanci kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. A 1872 Moritz Kaposi na Biyana ya nuna ya kan shiga cikin jiki har ya yi kisa. Tsakanin 1895 da 1904 William Osler a Baltimore ta Amurka ya ba da labarin majinyata masu irin wannan ƙurji waɗanda ƙodarsu ta kumbura. A 1935 George Baehr da Paul Klemperer da Arthur Schifrin, a Niyok, suka duba ƙodar waɗanda lufus ya kashe, suka ga bangon jijiyoyin matata ya yi kauri ya ƙage kamar lanƙwasasshiyar waya. Wani abu ne ya taru a wurin, amma ba wanda ya san ko mene ne.

Cikin goma masu lufus tara mata ne, yawanci a shekarun haihuwa, kuma wajen rabinsu ciwon ya kan taɓa ƙoda. Wani lissafi da aka buga daga asibitin Johns Hopkins a 1955 ya nuna kimanin rabin majinyatan ne kaɗai ke kai shekara huɗu bayan an gano ciwon.

A 1948 Malcolm Hargraves na asibitin Mayo ya ga wani abin mamaki a ɓargon masu lufus: farar ƙwayar jini ta haɗiye cibiyar 'yar'uwarta. Ba a daɗe ba John Haserick ya nuna akwai wani furotin a jinin majinyatan da ke jawo haka, kuma daga rukunin antibodi ya ke. A 1957 ƙungiyoyin masana da dama, a Niyok da Faris da Italiya, kowace a nata ɓangare, suka gano masu lufus suna da antibodi a kan DNA, watau sinadarin gado da ke cikin cibiyar kowace ƙwayar halitta ta jikinsu. Dogari ya ɗauki maigidansa ɓarawo. A wannan shekara kuma Macfarlane Burnet na Ostireliya ya kawo bayanin da ya daidaita al'amarin. Ya ce kowane antibodi zuriyar ƙwaya guda ce ke ƙera shi, jiki kuwa ya kan kawar da zuriyar da ke nufin kansa tun tana ƙarama, ciwo ya kan taso ne in wata ta kuɓuce.

Lantarki, allura da haske

Dabaru uku ne suka mai da wannan zato ilmi tabbatacce. Ta fari ita ce ta Arne Tiselius na Uppsala a Suwidin, wanda a 1937 ya rarrabe furotin ɗin jini da ƙarfin lantarki, kowane iri ya tsaya a nasa layi. A 1939 shi da Elvin Kabat suka nuna antibodi a layin da a ke kira gamma ya ke taruwa. A wannan shekara aka ga jinin masu mayeloma yana da wani tsini siriri mai tsawo a wajen wannan layi. A 1948 Astrid Fagraeus, ita ma a Suwidin, ta nuna ƙwayoyin filasma ne ke ƙera antibodi, su ne kuwa ƙwayoyin da ke cika ɓargon mai mayeloma. Jan Waldenström ya tattara wannan duka a 1961. Ya ce in layin gamma ya yi tudu mai faɗi, zuriyoyi da yawa ne suka tashi tare, kamar yadda a kan gani a lufus da cututtuka masu daɗewa. In kuwa tsini ne siriri, zuriya ɗaya ce ta yi yawa tana zubo antibodi iri guda. A 1962 Gerald Edelman da Joseph Gally suka warware tsohuwar tambayar 1845. Kowane antibodi yana da manyan sarƙoƙi biyu da ƙanana biyu, furotin ɗin Bence Jones kuwa ƙaramar sarƙar ce tsurarta, ƙanƙantarta ta sa ta ke zurarewa ta rariyar ƙoda.

Dabara ta biyu ita ce gutsuro ɗan ƙanƙanen naman ƙoda da allura daga mai rai. Poul Iversen da Claus Brun na Danmak suka buga yadda a ke yi a 1951, Robert Kark da Robert Muehrcke na Shikago suka kyautata ta a 1954. Kafin nan sai bayan mutuwa a ke ganin ƙoda, sa'ad da wuta ta riga ta cinye gidan. Yanzu kuwa aka sami ikon ganin farkon gobarar. Ta uku ita ce ta Albert Coons na Harvard, wanda tun 1941 ya koyi liƙa wa antibodi rini mai ƙyalli, har a iya ganin inda ya maƙale a madubin likita.

Da aka gama waɗannan dabaru sai abin ya fito fili. A 1957 Robert Mellors da abokan aikinsa suka ga antibodi jibge cikin matatan masu lufus, daidai inda aka ga lanƙwasasshiyar waya. Frederick Germuth a 1953, da Frank Dixon daga 1958, suka maimaita ciwon jinin doki a jikin zomaye, suka nuna antibodi ya kan kama abin da ya ke nema su dunƙule tare, dunƙulen ya maƙale a matata, ya kira fararen ƙwayoyin jini, su kuwa su yi ɓarna. A 1967 David Koffler da Peter Schur da Henry Kunkel suka wanko antibodin DNA daga ƙodar masu lufus. A wannan shekara Richard Lerner da Richard Glassock da Dixon suka wanko wani antibodi dabam daga ƙodar wasu majinyata, wanda ke kama bangon matata kansa, suka sa wa birai, birai suka kamu. Daga nan aka san hanya biyu ce. Wani antibodi ƙodar ya nufa da gangan, a madubi a kan gan shi ya bi bango sumul kamar an ja layi. Wani kuwa faɗansa da wani abu ne can dabam, ƙoda tsautsayi ne ya rutsa da ita, a kan gan shi ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. A 1968 Jean Berger da Nicole Hinglais na Faris suka ƙara wani iri, wanda antibodin da a ke kira IgA ke taruwa, aka kuwa tarar shi ya fi kowane irin kumburin matata yawa a Turai da gabashin Asiya.

Magani ya bi sawun sani. Philip Hench na Mayo ya fara ba da kotizon a 1948. A 1964 Victor Pollak da Conrad Pirani suka nuna irin abin da allura ta gutsuro shi ke faɗin wanda zai bukaci magani mai ƙarfi. A 1986 binciken cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka ya nuna ƙara maganin cyclophosphamide ya fi kotizon shi kaɗai tsare ƙoda. Hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin da muka sani na zazzaɓin cizon sauro, ya zama abin da a ke ba kusan kowane mai lufus. A 2020 da 2021 Amurka ta yarda da belimumab da voclosporin don ƙodar lufus. A ƙasashen da magani ya wadata, kimanin tara cikin goma na masu lufus su kan wuce shekara goma.

Sunaye biyu da suka faɗi

Akwai darasi cikin sunaye biyu da masana suka raɗa, daga baya suka janye. A 1933 Maxwell Wintrobe da Mary Buell suka sami wata mai mayeloma wadda furotin ɗin jininta ke daskarewa in ya yi sanyi, ya narke in an ɗumama. A 1947 Aaron Lerner da Cecil Watson suka sa masa suna kirayogulobulin, watau furotin mai daskarewa a sanyi. A 1966 Martin Meltzer da Edward Franklin na Niyok suka bayyana majinyata masu jajayen ɗigo a ƙafafu, da ciwon gaɓoɓi, da kasala, wasu har da kumburin ƙoda. A jininsu antibodi iri biyu ne suka kama juna. Da ba a ga sanadi ba sai aka kira abin ciwo mai zaman kansa. A 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ƙwayar ciwon hanta nau'in C, tsakanin 1990 da 1992 kuma rahotanni daga Turai da Amurka suka nuna mafi yawan waɗannan majinyata ita ce a jikinsu. Garkuwa ce ta yi shekaru tana faɗa da cutar hanta ba ta ci nasara ba, tarkacen yaƙin ya riƙa sauka a ƙoda. Tun daga 2013 an sami ƙwayoyin sha da ke kashe wannan cuta cikin wajen mako goma sha biyu, sau da yawa kuma ƙodar ta kan farfaɗo.

Suna na biyu ya shafi tsinin nan siriri. An lura tsofaffi da yawa suna da shi ba tare da mayeloma ba, aka riƙa ce masa maras lahani. A 1978 Robert Kyle na Mayo ya ƙi wannan suna, ya ce a kira shi wanda ba a san makomarsa ba tukuna, domin a kowace shekara kimanin ɗaya cikin ɗari na masu shi ya kan rikiɗe ya zama sankara. Amma ko wannan bai isa ba. Likitocin ƙoda suka yi ta ganin mutanen da zuriyar ƙwayoyin nan ba ta kai a kira ta sankara ba, duk da haka ɗan furotin ɗin da ta ke zubowa ya lalata ƙoda, har in an dasa sabuwa ita ma ya kama ta. Irin waɗannan a kan hana su maganin ɓargo don an ce ba su da sankara. A 2012 Nelson Leung da ƙungiyar masana suka ba wannan hali suna nasa na kansa, don a san ƙanƙantar zuriyar ba hujja ba ce ta ƙyale ta.

Ibadan da Zariya

Ƙasarmu tana da nata babi a wannan tarihi. A 1963 Herbert Gilles da Ralph Hendrickse, a asibitin jami'a na Ibadan, suka nuna yaran da ke zuwa da kumburin jiki mafi yawansu suna ɗauke da wani nau'in ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium malariae, fiye da sauran yara nesa ba kusa ba. George Giglioli ya riga ya lura da haka a Giyana ta Kudancin Amurka tun 1930. A 1969 aka duba ƙodar yaran Ibadan da rinin nan mai ƙyalli, aka ga ɗigo-ɗigon antibodi irin na zomayen Dixon. Wannan ciwo ba ya jin kotizon, ba ya jin maganin zazzaɓi, yara da yawa sun rasu. A shekarun baya-bayan nan likitocin yara sun ba da rahoton ya yi ƙaranci ƙwarai.

A Zariya, a 1973, Hilton Whittle da abokan aikinsa na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka buga binciken da ya haɗa ƙazuwa, da gyambon da susa ke jawowa, da kumburin ƙodar yara. Ƙwayar cutar da ke shiga gyambon 'yar gida ɗaya ce da mai jawo zazzaɓin da Schick ya yi nazari a Biyana. Abin da maƙogwaro ya yi wa yaron Turai, fata ta yi wa namu. A 1978 Y. M. Fakunle da Brian Greenwood da wasu, a Zariya dai, suka sami furotin mai daskarewa a sanyi a jinin masu ƙatuwar saifa, wadda yawan faɗan jiki da zazzaɓin cizon sauro ke jawowa.

Shi Greenwood, tun yana Ibadan a 1968, ya duba littattafan asibiti ya ga lufus da danginsa ba su da yawa, alhali baƙar fatar Amurka da Ingila sun fi Turawa kamuwa da shi, nasu kuma ya fi taɓa ƙoda. Ya kawo zaton ko zazzaɓin cizon sauro ne ke danne shi. Aka daɗe ana koya wa ɗalibai cewa lufus baƙo ne a Afirka ta Yamma. Amma da aka sami ƙwararrun likitocin gaɓoɓi da kayan gwajin jini, rahotanni daga Ikko tun 2009 suka nuna masu shi suna nan, da yawansu kuma sai ƙoda ta taɓu su ke isowa asibiti. Haka nan wani bincike da aka buga a 2007 a kan mazan Akra ta Gana masu shekara 50 zuwa 74 ya sami tsinin nan siriri kusan ninki biyu na abin da a ke samu ga Turawan Amurka. Littafin asibiti abin da aka iya ganowa kaɗai ya ke ƙidayawa.

Kammalawa

Daga cokalin Bright a 1827 zuwa gwajin birai a 1967 shekara 140 ke nan. Abin da aka koya cikinsu shi ne "ciwon Bright" tarin cututtuka ne masu kama ɗaya a ido, asalinsu dabam-dabam, haka ma kalmarmu ta kumburi. Mutum huɗu su zo da kumburarrun ƙafafu da fitsari mai kumfa: yaro mai ƙazuwa, da matar aure mai lufus, da magidanci mai ciwon hanta, da tsoho mai zuriyar filasma a ɓargo. Na farko yawanci ya kan warke in an kashe ƙwayar cutar, an kula da ruwa da gishiri da hawan jini. Ta biyu sai an danne garkuwarta. Na uku hantarsa za a fara yi wa magani, danne garkuwa kaɗai yana iya ƙara wa cutar ƙarfi. Na huɗu sai an bi zuriyar nan har ɓargo. Maganin ɗaya yana iya zama guba ga ɗaya, ba kuwa abin da ke rarrabe su sai gwajin jini da allurar ƙoda.

An fara wankin ƙoda a Nijeriya a Ikko a 1981, aka yi dashen ƙoda na fari a 2000, asibitin koyarwa na Aminu Kano ya bi baya a 2002. Waɗannan ayyuka ne na yabo, amma a ƙarshen hanya su ke, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Gwajin furotin a fitsari kuwa yau ɗan tsinken takarda ne da a ke tsomawa, cikin minti ɗaya ya nuna abin da Bright ke nema da kyandir. Wanda ya ga fitsarinsa na kumfa, ko yaronsa ya tashi da kumburarrun idanu bayan ƙazuwa, ko budurwa ta haɗa ƙurjin fuska da ciwon gaɓoɓi da zubar gashi, ya kamata a kai ga wannan gwaji tun ƙodar tana da sauran ƙarfi. In an ga furotin, tambayar da tarihin nan ya bar wa likita ita ce wadda aka aika wa Bence Jones da ita tare da fitsarin ɗan kasuwa: wane furotin ne wannan, kuma daga ina ya fito?